Sitil da Haɗin Kobalt: Wanne Ya Fi Ƙarfi, Kuma a Wane Wuri?

Wata rana da hantsi, a shagonmu na sana'iyya, wato unguwar masu aikin ƙarfe da gyaran injuna, a kudancin Jidda, ɗan yayata da ke koyon aiki a hannuna ya zo mini da risha uku a tafin hannu. Risha ita ce bakin injin huda ƙarfe, haka ake kiranta a nan Saudiyya, mu ma Hausawan nan da sunan muka tashi. Duk ukun bakinsu ya rine ya koma shuɗi, ya dakushe kamar an goga shi a kan dutse. Teburin silba, wato sitil marar tsatsa, na wani mai gidan abinci yake hudawa, rami goma sha biyu ake so, bai kammala ko biyu ba.

Ya ce, "Kawu, ƙarfen nan ya gagari rishar. Mai shago ya ce in sayi ta kobalt, wai kobalt ya fi sitil ƙarfi nesa ba kusa ba."

Shawarar sayen rishar daidai ce. Dalilin da aka ba shi ne ba daidai ba, kuma wannan dalilin na sha jin sa a bakin masu walda, da direbobi, har da marasa lafiya da za a yi wa aikin ƙashi. Yana sa mutum ya kashe kuɗi inda bai kamata ba, ya kuma raina abin da zai yi masa aiki. Matsalar daga kalmar take farawa. Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, ƙarfi, muna ɗora mata kaya da yawa: abin da ba ya tsinkewa in an ja shi, abin da ba ya karcewa, abin da ba ya karyewa in an doke shi, abin da wuta ba ta sa shi laushi, abin da tsatsa ba ta ci. A wajen ƙarfe waɗannan halaye ne daban-daban, sau da yawa ma in ka samu ɗaya sai ka rasa ɗaya.

Sitil dai baƙin ƙarfe ne da aka sa masa ɗan kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, daga ɗan mitsitsi har zuwa wajen kashi 2 cikin 100. Maƙeranmu na gida sun san sirrin tun kafin a ba shi suna. Ƙarfe ya daɗe a cikin gawayi ana zuga shi, ya yi ja, a ciro da awartaki a tsoma a ruwa, sai ya fito da taurin da zai yi wuƙa ko fartanya. Abin da ke faruwa shi ne sanyin gaggawa yana kulle kabon a cikin jikin ƙarfen kafin ya sami hanyar fita, sai ƙwayoyin ƙarfen su takura, su ƙi motsi. Wannan takurar ita ce taurin. Kuma sitil ba abu ɗaya ba ne, dangi ne mai rassa dubbai, daga rodin gini mai lanƙwasuwa da hannu zuwa sifirin mota zuwa kwanon silba.

Haɗin kobalt kuwa, wanda za a kira shi haka da gaskiya, shi ne wanda kobalt ne uwar haɗin, fiye da rabi, sai kuromiyam wajen kashi 28 zuwa 30, sai ɗan molibdinam ko tangistan. Baƙin ƙarfe a cikinsa ɗan kaɗan ne.

To a gwada su a sanyi, a yanayin da muke zaune. Duk makanike ya san lambar da ake bugawa a kan bolti: 8.8, 10.9, 12.9. Boltin 8.8, wanda ake sayarwa da kilo a kowane shago, yana ɗaukar jan megafaskal 800 kafin ya tsinke, wato kusan kilo 80 a kan kowane milimita murabba'i. Na 12.9 yana kai 1200. Haɗin kobalt da kuromiyam na zubi, irin wanda ake sa wa mutane a jiki, ƙa'idar da aka gindaya masa ita ce kada ya gaza 655. In an buga shi an murza yana haurawa sama da 1000, amma ko a nan bai bar sitil mai kyau a baya ba. Batun tauri ma haka: magagarin da muke gogar ƙarfe da shi, na sitil mai kabon, ya haura 60 a ma'aunin tauri na Rockwell, alhali Stellite 6, wanda ya fi kowane haɗin kobalt shahara a masana'antu, yana wajen 40. Wajen ƙin lanƙwasa kusan kunnen doki suke, sitil gigafaskal 200 zuwa 210 (gigafaskal ɗaya megafaskal dubu ne), haɗin kobalt ya ɗara shi da kaɗan. A nauyi kuma kobalt ne ya fi: sitil giram 7.85 a kowane kubik santimita, haɗin kobalt wajen 8.3 zuwa 8.5. Saboda haka duk wanda ya ce maka kobalt ya fi sitil ƙarfi a sanyi, bai auna ba.

Labarin yana sauyawa ne in wuta ta shigo. Taurin sitil mai kabon aro ne daga sanyin gaggawa, kuma zafi yana karɓe abinsa. Daga wajen digiri 200 na Salshiyas kabon ɗin da aka kulle yake fara samun hanya. Ana ma ganin abin da ido: goga sitil ya yi fari ka ɗora a wuta, zai fara yin ruwan ƙasa-ƙasa kamar kara a wajen digiri 230, ya koma shuɗi a wajen 300. Ƙarfen gini kuwa yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a tsakanin digiri 550 da 600, shi ya sa ginin ƙarfe ke durƙushewa a gobara ba tare da ya narke ba.

Wani Ba'amurke mai suna Elwood Haynes, mutumin garin Kokomo a jihar Indiyana, wanda ke cikin na farko-farkon masu ƙera mota a Amurka, shi ya yi rajistar haɗin kobalt da kuromiyam a 1907, daga baya ya ƙara masa tangistan, ya raɗa masa suna Stellite. Taurin wannan haɗin ba daga tsomawa a ruwa yake zuwa ba. Kuromiyam da tangistan suna haɗuwa da kabon su zama ƙananan tsakuwoyi masu tsananin tauri a warwatse cikin jikin kobalt, kamar tsakuwa a cikin kankare. Tun da ba kulle wani abu aka yi ba, babu abin da zafi zai kwance. Ya yi ja, ya huce, ya dawo yadda yake. A digiri 500 zuwa 600, inda magagari ya riga ya zama ƙarfen banza, shi yana nan da akasarin taurinsa.

Akwai wani abu a nan da ke ba mutane mamaki in na faɗa musu. Kobalt ya riga baƙin ƙarfe narkewa. Baƙin ƙarfe na narkewa a digiri 1538, kobalt a 1495, haɗe-haɗensa ma ƙasa da haka. Ashe jure zafi ba a wurin narkewa ake auna shi ba, a doguwar tazarar da ke tsakanin ɗumi da narkewa ne, inda ake tambaya: wa zai riƙe siffarsa, wa kuma iska mai zafi ba za ta ci fatarsa ba? Wannan ne ya sa a Yaƙin Duniya na Biyu aka ɗauko haɗin kobalt da masu haƙoran roba ke amfani da shi, aka gyara shi, aka yi fukafukan fankar da hayaƙin injin jirgin sama ke juyawa. Har yau a injinan tabayin na gas, wato injinan da iskar wuta ke juya fankarsu, fukafukan tsaye da ke fara karɓar wuta sau da yawa na kobalt ne, masu juyawa kuma na haɗin nikel. A ƙasar da wasu tashoshin lantarki ke ƙona ɗanyen mai mai ƙibiritu, a bakin teku mai iskar gishiri, yawan kuromiyam ɗin da ke cikin haɗin kobalt ba ƙaramin amfani yake yi ba.

Yanzu mu koma ga rishar. Abin da ɗan yayata bai sani ba, kuma mai shagon bai gaya masa ba, shi ne rishar kobalt sitil ce. Dangin sitil ne da ake kira HSS, wato sitil mai yanka da gudu, wanda Frederick Taylor da Maunsel White suka nuna wa duniya irinsa a baje kolin Faris na shekarar 1900, yana yanka ƙarfe bakinsa ja da zafi bai dakushe ba. Wadda aka rubuta wa M35 tana da kobalt kashi 5, ta M42 kashi 8. Sauran duk baƙin ƙarfe ne da kabon da kuromiyam da molibdinam da tangistan da banadiyam. Ɗan kobalt ɗin nan yana narkewa a jikin sitil ɗin ya taimaka masa riƙe tauri in zafi ya hau, kamar gishiri a miya. Amma yana da farashi ban da na riyal: rishar ta fi saurin karyewa. A injin tsaye da aka ɗaure aiki sosai, ba ta da na biyu. A injin hannu, mutum yana kan tsani hannunsa na rawa, ƙaramar risha ta M42 sai ka ji ƙas, ta rabu biyu, alhali ta talaka da ta ɗan lanƙwasa ta haƙura.

Kuma a kula da launi. Risha mai ƙyallin zinare fenti ne na wani sinadarin titaniyam a saman fata, da ka wasa bakinta sau ɗaya ya tafi. Ta kobalt ta gaskiya launinta ya fi kama da tagulla marar ƙyalli, kobalt ɗin yana cikin jikinta gaba ɗaya, sai ka yi ta wasawa har ta gajarce. Ni ba launi nake dubawa ba, rubutun gindinta nake karantawa: HSS-Co, Co5, Co8, M35, M42. An taɓa sayar mini da kwali guda na masu ruwan zinare da sunan kobalt, kafin azahar rabinsu sun mutu. Tun daga ranar ba na cinikin biri a sama.

Silba kuwa, wato sitil marar tsatsa, wanda Larabawan sana'iyya ke ce wa istanlis, ba don ta fi tauri take ƙona risha ba. Halaye biyu gare ta. Na farko, ba ta kwashe zafi. Abin da take iya wucewa da shi bai fi kashi ɗaya cikin uku na sitil na yau da kullum ba, sai zafin duk ya taru a bakin rishar. Na biyu, tana ƙara tauri in an murje ta. Yaro ya saki injin da gudu, yana tsoron dannawa, rishar tana shafa ƙarfen ba ta yanka, sai wurin ya daskare ya fi yadda yake tauri, ita kuma ta yi shuɗi. Duk risha ukun nan hannu ne ya kashe su kafin ƙarfe.

Wurin da ni kaina na fi girmama kobalt shi ne wurin guga. Wanda ya taɓa ɗaura notin silba a kan boltin silba babu man shafawa ya san abin da nake nufi: yana tafiya lafiya, sai ya cije, gaba ta ƙi baya ta ƙi, sai dai a yanka. Fatun biyu ne suka kama juna suka yage, kamar walda a sanyi. Haɗin kobalt ba ya yawan yin haka, kuma dalilin yana cikin yadda ƙwayoyinsa ke jeruwa. Kobalt tsantsa yana da jeri iri biyu, yana sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya a wajen digiri 420. A cikin haɗin, jerin zafi yakan maƙale ya zauna har a sanyi, amma a kan ƙaya yake zaune. Da an danne fatar an goga, sai siririn saman ya juye zuwa ɗaya jerin, ya yi tauri, ya yi santsi, cikin kuma yana nan da ƙwarinsa. Wato gugar da ke lalata wani ƙarfen ita ke gyara masa fata.

Saboda haka in aka kawo mana babban bawul na tururi ko na mai a gyara, jikinsa duka sitil ne, amma leɓen da ƙofar ke zama a kai, ɗan zobe mai kaurin milimita biyu ko uku, Stellite ne aka ɗora da walda. A tashoshin tururi irin na Shu'aiba da ke kudu da mu, inda ake samar da wuta da ruwan sha na Jidda da Makka da Ɗa'ifa, ko a matatun mai irin na Yanbu, bawul ɗin da ya ƙi rufuwa ba ƙaramar asara ba ce. Babu mai hankalin da zai zuba bawul mai nauyin rabin tan da kobalt. Babu kuma wanda zai bar leɓen da sitil tsirara. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Haka ma fidiya, ɗan bakin nan da ke kan rishar kankare: garin tangistan da kabon ne mai tsananin tauri, kobalt ne ƙaron da ya riƙe shi. Sunan ma daga Widia ya samo asali, tambarin da kamfanin Krupp na Jamus ya sa wa kayansa.

Batun tsatsa a Jidda ba sai an yi wa kowa bayani ba. Bahar Maliya na da gishiri wajen giram 40 a lita, ya fi na akasarin tekuna, ga raɓa ga zafi. Ƙofar baƙin ƙarfe da ba a yi wa fenti ba, shekara ɗaya ta ishe ta. Abin da ke kare silba, wadda Harry Brearley ya gano a Shafil ta Ingila a 1913, kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5. Yana haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, in ta karce ta sake toho da kanta. Gishiri shi ne maƙiyin wannan fatar, yana huda ta ɗigo-ɗigo. Shi ya sa silba mai lamba 304 ke yin tabon ruwan ƙasa a gidajen da ke kusa da teku, mai lamba 316 kuma, da aka ƙara wa molibdinam kashi 2 zuwa 3, ta fi daɗewa. Haɗin kobalt ma da wannan fatar ta kuromiyam yake kare kansa, sai dai nasa kuromiyam ɗin ya kusa ninka na silba.

Jikin ɗan Adam kuwa ruwan gishiri ne mai ɗumi. Lokacin da likitoci suka ce za a sauya wa goggona gwiwa, na je gaishe ta a unguwar Misfala ta Makka. Tana zaune a kan darduma ta miƙe ƙafar, ta kama hannuna ta ce, "Kai ɗan nan, kai ne ka san ƙarfe. Abin da za su sa mini ba zai yi tsatsa a ciki ba? Ina so in sake yin ɗawafi da ƙafata, ba a keke ba."

Na ce, "Goggo, ba irin ƙarfen ƙofa ba ne. Shi wannan an daɗe ana sa wa mutane."

Kuma gaskiya na faɗa mata. Tun 1932 aka fito da Vitallium, kobalt kashi 65, kuromiyam 30, molibdinam 5, don aikin haƙori, kafin shekarun 1930 su ƙare likitocin ƙashi suka ɗauke shi. Ɓangaren gwiwar roba da ke lulluɓe ƙarshen ƙashin cinya yawanci da jikan wannan haɗin ake yi, saboda yana ɗaukar gogewa ya yi sulɓi kamar madubi, ya yi shekaru yana zamewa a kan roba mai tauri ba tare da ya karce ba. Amma ko a nan sitil bai fita daga fage ba. Farantai da sukurorin da ake ɗaure karaya da su da yawa silba ce mai lamba 316L, don likita na iya lanƙwasa ta ta bi siffar ƙashi, ga araha. John Charnley, likitan da ya kafa aikin sauya ƙugu na zamani a asibitin Wrightington na Ingila a 1962, da silba ya yi nasa. Dukansu biyu kuma suna da aibi ɗaya: sun fi ƙashi ƙin lanƙwasa wajen sau goma, sai su ɗauke masa nauyi, ƙashin da ba ya aiki kuwa ramewa yake yi. A nan titaniyam, mai gigafaskal wajen 110, ya fi su dacewa.

Kobalt yana da nasa haɗarin da bai kamata a ɓoye ba. Jiki na buƙatar ɗan ƙyas ɗinsa, yana cikin bitamin B12, amma in ya yi yawa guba ne. An yi wani yayi na ƙugun roba da ƙarfe ke guga a kan ƙarfe, dukansu haɗin kobalt. A wasu mutane garin da ke zuba ya lalata naman da ke kewaye ya kuma shiga jini. A 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa na ASR bayan an sa wa mutane wajen 93,000 a duniya. Gwiwar da ake yi yau ƙarfe ne a kan roba, wannan wani tsari ne daban, amma wanda za a yi wa aiki yana da haƙƙin ya tambayi likita me za a sa masa.

Sai kuɗi, wanda shi ke yanke hukunci a ƙarshen kowace gardama a sana'iyya. Duniya na narka sitil wajen tan biliyan 1.9 a shekara. A nan ma akwai masana'antar Hadeed a Jubail tana fitar da rodi. Kobalt da aka haƙo a 2023 bai wuce tan dubu 230 ba ko kusa da haka, kuma sama da kashi 70 cikin 100 daga ƙasa ɗaya yake fitowa, Kwango Kinshasa, daga yankin Katanga da kewayen Kolwezi, inda wani kaso nasa talakawa ne ke tono shi da hannu a ramuka masu haɗari. Tan na sitil ɗaruruwan daloli ne. Na kobalt ya haura dala 90,000 a 2018, ya faɗo ƙasa da 25,000 a farkon 2025, har gwamnatin Kwango ta dakatar da fitar da shi a watan Fabrairun shekarar don farashi ya farfaɗo. Yanzu kuma masu batirin waya da na motar lantarki ne ke kwashe mafi yawansa. Ga wahalar sarrafawa: sitil ka yanka, ka lanƙwasa, ka yi walda da injin da ke kowane lungu. Haɗin kobalt yana cinye bakin injin sassaƙa, shi ya sa akasari zuba shi ake yi ta hanyar kakin zuma, dabarar da masu zubin tagulla na Ife da Benin suka ƙware a kai ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sannan a gama da dutsen wasa. Ko maganaɗisun masu sayen tsohon ƙarfe ba ya raba gardama a nan, don kobalt tsantsa yana kama maganaɗisu, amma haɗinsa da kuromiyam na asibiti ba ya kamawa, kamar yadda silba 316 ba ta kamawa.

Ranar nan dai na aiki yaron ya sayo M35 guda biyu. Muka ɗora teburin a ƙarƙashin injin tsaye, muka ɗaure, na sauke gudun injin ƙasa sosai, na ɗiga mai a wurin. Na ce, "Danna, kada ka ji tsoro, kuma kada ka tsaya a tsakiya." Ya danna. Ɓawon ƙarfen ya fara fitowa a murɗe, dogo, fari, babu hayaƙi. Ya huda goma sha biyun da risha ɗaya, ta biyun tana cikin ledarta.

Da yamma ya ɗauki tsofaffin zai wasa a dutse, fuskarsa a buɗe. Na tsayar da shi na miƙa masa abin rufe hanci, na kunna fankar da ke jan ƙura. Ƙurar fidiya da ta Stellite tana taruwa a huhu, tana kawo asma da wani ciwon da ba ya warkewa, kuma a shagonmu dutse ɗaya ake wasa su duka. Na nuna masa gwangwanin da muke tara gutsattsarin fidiya da karyayyun rishar kobalt daban da sauran tarkace, don mai sayen tsohon ƙarfe da ke zagayowa ranar Alhamis ba farashi ɗaya yake ba su ba.